Shekara Biyar Ɗin da Aka Ƙara wa Bawa

Shekara talatin da ɗaya ina auren mutumin nan ban taɓa kiran sunansa a gabansa ba. Abu Mastura nake cewa, kamar yadda duk unguwarmu ta Hindawiyya a Jidda ke kiransa da sunan babbar 'yarmu. Amma yau rubutu nake yi, kuma raina a ɓace yake, don haka zan faɗa: sunansa Bawa. Direban babbar mota ne a wani kamfanin dakon kaya da ke Khumra, can kudancin gari, ko in ce da can direba ne. A duk duniya ban taɓa ganin mai saurin yarda da mutum irinsa ba, musamman in mutumin ya sa farar jallabiya ya zauna a bayan tebur.

A Hindawiyya aka haife shi. Mahaifinsa daga wajen Gumel ya taso a ƙasa, ya yi shekara bakwai a hanya ta Sudan kafin ya ga Ka'aba, ya sauke farali, ya tsaya dako a tashar jiragen ruwa. Kullum cewa yake baɗi zai koma gida. Maƙwabtansa suka nemi takardar zama 'yan ƙasa suka samu, shi ya ce me zai yi da ita, ai baɗi zai tafi. Har aka binne shi a Jidda baɗin ba ta zo ba. Abin da ya bar wa Bawa shi ne koren fasfo na ƙasar da bai taɓa takawa ba, da iƙama, katin izinin zama da ake sabuntawa duk shekara. Lokacin da aka kawo ni amarya daga Kano na sha dariyar Hausarsa. Jimla ɗaya sai ya fara ta da Hausa, ya bi ta Larabci, ya dawo ya rufe da "halas", wato shi ke nan.

Akwai wani abu a jikin iƙamar nan da ya kamata a sani tun yanzu. Bawa yana shekara goma sha huɗu uban ya kwanta ciwo, gida ba mai nema. Yaro ne dogo, ga faɗin kafaɗa. Kawunsa ya ja shi wurin masu rubuta takardu ya ce shekararsa goma sha tara, don ya samu lasin tuƙi. Magatakarda ya ɗago ya dube shi sau ɗaya, ya rubuta ɗaya ga Rajab, ranar da ake ba duk wanda bai san ranar haihuwarsa ba. Rabin tsofaffin unguwarmu a ranar aka haife su, in ka bi ta takarda. Shekara biyar ɗin nan da aka ƙara masa su suka ciyar da uwarsa da ƙannensa huɗu. Amma shi har yau kunyar su yake ji, kamar wanda ya saci akuya. In aka tambaye shi shekarunsa sai ya miƙa katin, ya kau da kai, don kada bakinsa ya furta.

Bashin kuwa ba na shagali ba ne. Da aka sa wa baƙi harajin iyali, kowane kai da kuɗinsa duk wata, ni da 'ya'yanmu mata biyu muka zame masa kaya. Kuɗin ya taru, iƙamarmu ta kusa mutuwa, ga auren Mastura ya matso. A shekarar 2019 ya je bankin da albashinsa ke shiga ya nemi rancen riyal dubu sittin, a biya cikin shekara bakwai. Ban bi shi ba, kuma wannan ne kuskuren da ba zan yafe wa kaina ba.

Da ya dawo, bakinsa har kunne. Wai ya haɗu da wani yaron kirki, Raed, ma'aikacin bankin. Ya ba shi gahawa da dabino, yana ta ce masa "ya ammi", wato baffa.

"Bashira, yaron nan ɗan halas ne," in ji shi. "Ya sa min ta'amin a kan bashin. In na mutu, ko na nakasa, halas, bashi ya faɗi. Ba wanda zai zo ya buga miki ƙofa."

Ta'amin dai inshora ce. Riyal ɗari da tamanin da biyar za a riƙa cira duk wata, ban da kuɗin bashin. Na ce ya yi yawa. Ya ce ni ban gane ba. Kuma gaskiya Raed ya san inda zai taɓa shi, don Bawa ba ya tsoron mutuwa kamar yadda yake tsoron mutuwa da bashi a wuya. Duk jana'izar da ya je, in aka miƙe aka ce wa ke bin mamaci, sai ya dawo gida ba ya iya cin abinci. Aka ce masa ga abin da zai wanke shi a kabari, me kuke tsammani? Ya sa hannu a shafi goma sha ɗaya bai karanta ko layi ɗaya ba. Raed ya karɓi iƙamarsa ya ɗauki hotonta ciki da baya, ya maƙala a jikin takardun.

Wata arba'in da bakwai ana cirar kuɗin nan. Ko sau ɗaya bai yi latti ba.

Sai ido ya fara. Ciwon suga ne ya daɗe yana cin sa a ɓoye. Ya fara da cewa fitilun titi sun yi hazo, ya koma yana tambayata wa ke sallama alhali mutumin yana tsaye a gabansa. Ranar da ya goga motar kamfani a jikin ƙofar sito, aka tura shi asibiti. Likita ya rubuta cewa idon hagu ya tafi, na dama saura kaɗan, tuƙi kuma har abada. Aka ba shi maganin ɗigawa sau uku a rana, ni nake ɗiga masa, don in ya yi da kansa rabi a kumatu yake ƙarewa. Kamfani ya sallame shi da mutunci, ba zan yi musu ƙarya ba. Suka zuba masa kuɗin sallama, riyal dubu talatin da uku, a asusunsa. Kafin mu je mu taɓa ko riyal ɗaya, banki ya riƙe kuɗin, wai saura dubu talatin da ɗaya a bashi.

Ga halin da muke ciki a lokacin. Iƙamarmu saura wata uku. Nuraddeen, abokin Bawa na ƙuruciya, wanda shi babansa ya karɓi takardar ɗan ƙasa, yana da garejin gyaran mota a Khumra. Ya ce zai zama kafilinsa, wato mai tsaya masa a takardun zama, ya ɗauke shi gadin rana, amma shi ma ba shi da abin biyan kuɗin takardu. Na Bawa dubu takwas ne, nawa dubu biyar da ɗari biyar. In ba mu kawo ba, sai fita daga ƙasar. 'Ya'yan duk sun yi aure, ɗaya a Madina, ɗaya a Bur Sudan, mazajensu kuma ba su fi ƙarfin cikinsu ba. Gwal ɗina tun auren ƙaramar ya tafi. Abin da muke nema a duniya shi ne mu zauna tare a ɗaki biyun nan namu na Hindawiyya, ba wani abu ba.

Bawa ko a jikinsa. "Ai akwai ta'amin," in ji shi. Ya sa jallabiyarsa ta Juma'a, ya ɗauki takardar likita, na riƙe masa hannu muka tafi.

Raed yana nan, ya yi ƙiba, ƙamshin turarensa tun daga ƙofa. Wannan karon ba gahawa. Ya karɓi takardar likita da yatsa biyu, ya danna na'ura, ya ɗan ja tsaki irin na tausayi.

"Ma'alesh, yi haƙuri, ya ammi. Ta'amin ɗin nan ba ya ɗaukar wanda ya wuce shekara sittin ranar sa hannu. Kai kuma sittin da ɗaya kake da shi a lokacin. Nizami ne, doka ce, ba ni ba ne."

Na dubi Bawa. Sai na ji ya ja numfashi, ya dafa tebur.

"A'a, ya waladi, ɗana, akwai kuskure. Ni a lokacin hamsin da shida gare ni. Wallahi hamsin da shida. Katin ne—"

Na taka masa ƙafa da duk ƙarfin da Allah ya ba ni. Shekara arba'in da wani abu mutumin nan yana ɓoye maganar, sai yau, a cikin banki, a gaban na'urar ɗaukar hoto, zai buɗe baki ya ce takardar gwamnati da ke aljihunsa ƙarya ce! Wanda ya faɗi haka ba inshora zai samu ba, motar 'yan sanda za a kawo masa. Raed ya ɗaga gira yana kallonmu.

"Ciwon ya taɓa masa tunani," na ce da Larabci. "Yalla, Abu Mastura, mu tafi."

A tasi, da muka kusa gida, ya juyo wajena. "Kin ce na haukace a gaban yaro," in ji shi. Na ce gara mahaukaci a Hindawiyya da mai hankali a gidan tarhil, inda ake tara waɗanda za a kora. Ban ba shi haƙuri ba.

Washegari da hantsi na zazzage jakar takardunsa a tsakar ɗaki. Larabcina na kasuwa ne da na Islamiyya, ba na banki ba, amma na zauna na bi shafukan nan da yatsa, inda ya fi ƙarfina in ɗauki hoto in tura wa Mastura ta fassara min. A shafi na bakwai na same shi, da rubutu ƙanana kamar ƙwan kwarkwata: daga shekara goma sha takwas zuwa sittin. Na juya baya. Ga hoton iƙamar Bawa a maƙale, ga ɗaya ga Rajab ɗin nan da shekararta ɓaro-ɓaro, ga hatimin banki a kai, ga sa hannun Raed a ƙarƙashi cewa ya duba ya tabbatar.

Nan na gane. Ashe ba daga baya Bawa ya tsufa ba. Tun ranar farko, tun yana kurɓar gahawar nan, yaron ya san abin da yake sayar masa ba zai taɓa yi masa amfani ba. Ya ga shekarun da idonsa, ya buga hatimi, ya ce "ya ammi". Wata arba'in da bakwai muna rage nama a miya don a biya kuɗin iska. Ɓarawon da ya tsinka maka aljihu a kasuwar Bab Sharif ya fi shi mutunci, don shi bai kira ka baffa ba.

Na koma bankin ni kaɗai sau huɗu. Na farko aka ce Raed yana hutu. Na biyu aka ce an yi masa ƙarin girma an mai da shi wani reshe, kun ji fa, ƙarin girma. Na uku aka ba ni lambar waya, na kira wata na'ura ta yi ta sa min kiɗa har kuɗin wayata ya ƙare. Na huɗu wata yarinya ta dube ni daga sama zuwa ƙasa ta ce, "Ya hajja, ke mai aikin gidansu ce?" Na ce a'a, ni ce matar wanda kuka cuta.

Wata maƙwabciyarmu, Bahaushiyar Sudan, mai shara a wani ofishin lauyoyi, ita ta ce min in daina wahalar da takalmina. Akwai wurin kai ƙarar bankuna a babban bankin ƙasa, ta waya ma ake yi. Mastura ta rubuta daga Madina, ni na faɗa mata abin da za ta rubuta. Ban roƙi kowa ba a cikin takardar. Na ce ga shafi na bakwai, ga iƙama, ga hatimi, a gaya mana wanne ne a ciki ba su gani ba.

Kwana goma sha biyu sai ga waya. Manajan reshe da kansa, wani Abdulmohsen, yana neman Abu Mastura "ya daure ya ƙaraso". Wannan karon har da gahawa. Ban sha ba, na kuma hana Bawa sha.

Abdulmohsen mutum ne mai taushin murya. Ya ce an samu ɗan rashin fahimta, kuma banki, don karamci, zai ba mu riyal dubu huɗu mu janye ƙara. Bawa har ya fara "Jazakallahu", na katse shi.

"Ba sadaka muka zo nema ba," na ce. "Ku biya bashin kamar yadda yaronku ya yi alkawari, ku sakar mana kuɗin sallama."

"Wannan ba zai yiwu ba, ya ummi. Inshorar ba ta hau kansa ba tun asali."

"To in ba ta hau kansa ba, kuɗin me kuka yi shekara huɗu kuna ci?"

Ya yi ɗan murmushi, ya duba takarda, ya fita, ya dawo. Ya ce za su mayar da duk abin da aka cira, riyal dubu takwas da ɗari shida da casa'in da biyar. Bashin kuwa yana nan, sun riga sun cire abinsu daga kuɗin sallama, ragowar dubu biyun ma mai gidan haya na jiran ta. Na yi ta faɗa har muryata ta dushe. Ya bar ni na gama, ya ce in muna son fiye da haka sai mu je gaban kwamiti, wata shida ko shekara. Ya san sarai saura kwana goma sha tara iƙamarmu ta mutu, don kwafinta na gabansa.

Ya turo takarda ɗaya ya ce Bawa ya sa hannu. Bawa, wanda ya sa hannu a shafi goma sha ɗaya ido rufe lokacin yana da ido, yau da ba ya gani sai ya ce, "Bashira, karanta min."

Na karanta. Ni wane, na tabbatar cewa ranar da aka sayar min da wannan inshora shekaruna sun haura sittin, kuma ba a sanar da ni sharaɗin shekaru ba.

Ya ajiye biron. Da Hausa ya yi magana, a hankali, don kada manajan ya ji.

"Ba zan iya ba. Wannan shahada ce, shaida zan bayar. Katin wasu suka rubuta, ni ban taɓa faɗa da bakina ba. Yanzu in ce na tabbatar? Ƙafata ɗaya a kabari?"

Wallahi na ji kamar in fasa ihu. Na ce, "Abu Mastura, su sun ci kuɗinka da shekarun nan, kamfani ya yi maka lissafi da su, asibiti ya rubuta su. Kowa ya ci moriyarsu sai kai. Yau ɗaya da za su yi maka rana shi ne za ka tuna da tsoron Allah? In ba ka sa hannu ba, ina za ka? Gumel? Wa ka sani a Gumel? Ko hanyar tasha ba za ka gane ba."

"Hamsin da shida gare ni, Bashira," ya ce. "Da gaskiyata aka bi, da sun biya duka."

Gaskiya ya faɗa. A shekarunsa na haihuwa inshorar ta hau kansa daram, kuma ba shi da bakin faɗa. Yaron da aka ƙara wa shekara biyar don ya ciyar da uwarsa, shi aka zo aka cire wa dubu talatin da ɗaya a tsufansa saboda su. Na rasa wa zan zaga, Raed ne, ko kawun da ya daɗe a ƙasa, ko tsohon da ya yi ta cewa baɗi.

Ya daɗe yana motsa baki, istigfari yake. Sannan ya lalubo biron ya ce, "Nuna min wurin." Na kama hannunsa na ɗora a kan layin. Hannun da ya yi shekara arba'in da shida yana juya sitiyarin tirela ya ja sunansa a takardar. Abdulmohsen ya ce mabruk.

Kuɗin ya shigo bayan kwana shida. Dubu takwas da ɗari shida da casa'in da biyar, mu kuma dubu goma sha uku da ɗari biyar muke nema. Na zaga duk inda zan zaga. Wanda zai ba ni ba shi da shi, wanda yake da shi ya ce in dawo bayan Salla. Kuɗin mutum ɗaya ne, kuma ba sai an yi dogon lissafi ba. Ni ina da ɗakin uwata a Kano, ina da 'yan'uwa, na san hanyar kasuwa. Shi duk duniyarsa daga Hindawiyya ce zuwa Khumra, uwarsa da ubansa suna kwance a maƙabartar garin. Ya ce mu tafi tare. Na ce ya je ya yi me, makaho a garin da bai san kowa ba, ga allurar suga da tsada? Ban jira ya amince ba, na kai wa Nuraddeen dubu takwas na ce ya fara takardu. Ragowar da abin da Mastura ta haɗo shi ya saya min tikiti.

Daga Kano nake wannan rubutu, wata na biyar ke nan. 'Yan'uwa suna ta yi min barka, wai na kayar da banki. Bawa yana gadi a garejin Nuraddeen, yana tara min kuɗin biza daga albashin da bai kai rabin na da ba. Ya ce in sha Allahu baɗi. Da ya faɗa na ce kada ya sake furta min kalmar nan.

Kullum bayan Azahar nake kiran sa ta bidiyo saboda maganin ido. Ya jingina wayar a jikin butar shayi, ya buɗe kwalbar, ni kuma ina daga nan ina ba da umarni.

"Ɗaga kai. Ƙara. Hagu kaɗan, Abu Mastura, hagu na ce. To, matsa."

Jiya ma a kumatu ya zuba. Ya ce, "Ya shiga?"

Kwalbar riyal tamanin ce, kuma dole ta kai ƙarshen wata. Na dubi ɗigon yana gangarowa cikin gemunsa, na ce ya shiga.